Gadon Shanyar Kuɓewa

Hillar Bawa, kusa da Sinnar
Litinin, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga matar yayana, Sawsan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Hajja Samira da Babanki da duk mutanen gidanku na Rusairis. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun daina kumburi? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Inna Dije tana gaishe ki. An fara yankan dawa a gonarmu ta hawasha, duk rana ta ƙona mu.

Takardarki ta iso ranar Alhamis, Uzairu mai motar hafila ya ba ni a ɓoye kamar yadda kika ce. Sau uku na karanta ta a bayan ɗaki. Ki yi haƙuri da rubutuna, tun da aka rufe makaranta ban riƙe biro ba. Kuma da gangan nake ba ki amsa da Hausa, don ƙannenki sun fi jin Larabci, ko sun buɗe ba za su gane ba.

Kin ce wata biyu ke nan da aka kai ki gida goyon ciki, amma Yaya Salmanu bai taɓa tambayar cikin ba. Kin ce ran da ya hau tudun tur'a, bakin magudanar ruwan noma, ya samu shabakar waya ya kira ki, ya tambayi lafiyar Babanki, ya tambayi ruwan dam, har akuyar gidanku ya tambaya, ban da abin da ya kai ki can. Kin ce haka ya yi shiru bara da wancan cikin ya zube. Kuma kin ce in haka ne, ko kin yi arba'in ba za ki dawo ba, gara ki reni ɗanki inda ake murna da shi. Wannan layin ne ya hana ni cin abinci.

Ni ba mai magana ba ce, ke ma kin sani, ke kika sa mini suna Kurma. Amma a takarda ba wanda yake kallona, don haka zan faɗa.

A gidanku na ga mijin yayarki yana ɗaukar jaririnsa gaban mutane yana yi masa wasa. A nan ba haka ake yi ba. Ɗan fari abin kunya ne. Yaya shi ne ɗan farin Inna, yau shekararsa ashirin da bakwai, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai hawasha". A haka ya tashi. Da ya ce "ciki" a waya mutane na ji, gara masa ya faɗa tur'a.

To ga abin da na gani. Juma'a biyu da suka wuce, bayan la'asar, na zaga bayan garken awaki ɗebo kara, sai na tarar da shi a tsugune da gizago, yana sassaƙa itacen bagaruwa. Ƙafafu huɗu ne gajeru da sanduna huɗu. Da ya gan ni sai ya jefa buhu a kai, ya ce in wuce. Na wuce, amma kullum ina leƙawa. Gadon angarib ne yake yi, ɗan ƙarami, tsawonsa bai fi hannuna ba. Ya goge kowace kusurwa har ta yi sulɓi, ya saƙa shi da igiyar kaba.

Shekaranjiya Inna ta gan shi. Ta tambaye shi wannan fa na mene ne. Ya sunkuyar da kai ya ce wai na shanyar kuɓewa ne. Inna ta ce madalla, dama tabarmar shanya ta mutu. Ta ɗauke shi ta kai tsakar gida, ta yanka kuɓewa ta baza a kai. Yanzu haka yana can cikin rana, kaji na zagaye shi. Yaya in ya shigo sai ya dube shi ya kau da kai. Ni kuma na shiga ɗaki na toshe bakina da mayafi don kada a ji dariyata.

Matar Yaya, don Allah kada ki yanke shawara tukuna. Ki gaishe da Hajja. Kada ki ɗauki jarkar ruwa.

Taki ƙanwar miji,
Tasnim


Laraba, 13 ga Nuwamba

Matar yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya, da ke da abin da kike ɗauke da shi. Na ji daɗi da kika ce ungozoma ta duba ki ta ce komai daidai, saura kamar mako uku. Allah ya raba lafiya.

Na ji daɗi kuma da kika ce kin yi dariya har Hajja ta leƙo. Amma sauran maganar ta yi mini nauyi. Kin ce gadon da aka ce na kuɓewa ne, na kuɓewa ne. Kin ce in aka aiko Uzairu da shi za ki mayar. Kin ce ba itace kike nema ba, daga bakinsa kike son ji. Ban ce ba ki da gaskiya ba.

Abu ya faru. Ranar Asabar duk muna hawasha, jar akuyar nan mai ƙaho ɗaya ta tsinke. Ta cinye kuɓewar tas, ta bi da igiyar kabar, ta bar itace tsirara. Da muka dawo Inna ta hau faɗa a kan kuɓewarta. Yaya ya ɗauki itacen ya koma bayan garke. Na bi shi da ruwan sha. Na same shi zaune ya ɗora shi a cinya, yana shafa ƙafar da akuya ta gwaguya.

A nan na lura itacen ba ɗanye ba ne, ya bushe ƙarau, ya yi duhu. Sai na tuna. Bara, lokacin da kike da wancan cikin, ya sare reshen bagaruwar bakin hawasha ya ce wai yana tare hanya. Ran da aka dawo da ke daga asibiti, na gan shi ya hau rufin garke yana tura wani abu ƙarƙashin kara. Ashe wannan itacen ne. Tun bara ya yanke shi, ya ɓoye, bai ƙona ba, bai bayar ba. Ina ga ba kunya kaɗai ke damunsa ba. Ina ga tsoro yake ji, kada ya faɗa da baki a sake karɓewa.

Washegari ya ce zai je Sinnar sayen lauje, alhali muna da guda uku. Ya dawo da igiyar auduga fara mai laushi a ƙarƙashin rigarsa. Saƙar tana son mai riƙe bakin igiya. Ban tambaye shi ba, na je kawai na riƙe. Kwana uku muna yi bayan la'asar, shi bai ce na wa ba ne, ni ban ce na sani ba. Abu ɗaya kawai ya ce mini, wai kaba tana da kaushi, dama bai so ta ba. Kin ga kuɓewa ba ta san kaushi ba.

Jiya kuma na gan shi a ɗakinki, ya jera ƙaramin kusa da gadonki yana gwada tsayi. Ya ga bai kai ba, ya fita ya sassaƙo ƙananan katakai ya ƙara a ƙafafun har suka zo daidai. Ya tuna da ciwon bayanki, ba ya son ki riƙa sunkuyawa.

Na rasa yadda zan yi. Ke kina son ya faɗa, shi ba ya iyawa, ni kuma ina tsakiya da biro. Ki yi mini addu'a.

Taki,
Kurma


Tashar hafila, Hillar Bawa
Alhamis, 21 ga Nuwamba

Matar yayana abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya duka. Ki gafarta mini gajeruwar gaisuwa da karkacewar layi, a kan gwiwata nake rubutu, a tasha, kafin hafilar Uzairu ta cika.

Na yi abin da ban taɓa yi ba, kuma na saɓa alkawarin da na yi miki na ɓoyewa. Ranar Litinin na kai wa Yaya abinci hawasha. Na ajiye kwanon, na juya masa baya don ba zan iya kallonsa ba, na fito da takardunki biyu na karanta masa da ƙarfi. Ban tsallake ko layi ɗaya ba, har wajen arba'in. Ina jin laujen yana tafiya, sai na ji ya tsaya. Da na gama ya tambaye ni ko da gaske ke kika rubuta ba za ki dawo ba. Na ce e. Ya ce in ɗauki kwanon in tafi gida. Bai ci ba.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. Na ɗauka na ɓata komai, na yi kuka a bayan ɗaki har Inna ta ce ko ciwon ido nake yi.

Yau da safe ya yi wanka ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya zaga bayan garke ya fito da gadon. Na ɗauka buhu zai sa shi, ya bi ta hanyar tur'a inda ba kowa. Ina! A ka ya ɗora shi, farar igiyar tana ƙyalli, ya bi ta tsakiyar gari, kuma yau kasuwa. Na biyo shi nesa-nesa.

Kin san gindin darbejiya inda dattawa ke shan gahawar jabana. A cike yake. Alhaji Osman, abokin marigayi Babanmu, shi ya fara hango shi. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai Salmanu, kuɓewar ce za a kai Rusairis? Su can ba su da rana?" Duk labarin akuya ya zaga gari, sai aka kwashe da dariya.

Yaya ya tsaya. Gumi na zuba masa ta ƙarƙashin gadon. Na ce yanzu zai yi murmushi ya wuce kamar kullum. Sai na ji ya ce, "Ba na kuɓewa ba ne, Alhaji. Na ɗana ne. Ko 'yata, duk wanda Allah ya kawo. Ku sa su a addu'a, shi da uwarsa."

Wallahi har mai jabana ta tsaya da fifita wuta. Can Alhaji Osman ya tafa hannu ya ce ya salam, yaran zamani sun jiƙa kunya sun shanye. Amma shi ne ya fara ɗaga hannu, duk suka bi shi, aka yi Fatiha a tsaye, Yaya da gado a ka. Da aka shafa ya ba shi nasa finjalin ya ce ya sha.

Na ruga gida in gaya wa Inna, na tarar labari ya riga ni. Ta rufe fuska da tobinta ta ce ita ba ta ji komai ba. Sai ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gadonta, ɗaurarre tsaf, da gani kin san ba yau aka ɗaure shi ba: gero da kanwa na kununki, da man shanu, da busasshiyar kuɓewa. Ashe tun ran farko ta gane. Ta baza kuɓewar ne don maƙwabta su daina leƙe, ya samu ya yi aikinsa. Ta miƙo mini ta ce in yi sauri in kai wa uban jariri. Ba "wancan" ta ce ba, ba "mai hawasha" ba. Uban jariri ta ce.

Sauran dawar, abokinsa Bilyamin ne zai ƙarasa yankawa. Yaya bai yarda a ɗaure gadon a saman mota ba sai da ya naɗe shi da bargonsa, kuma sau biyu yana hawa yana ja igiyar, har Uzairu ya ce in bai yarda da ɗaurin ba ya hau can su tafi tare.

Saura mutum ɗaya mota ta cika. Wannan takardar ba Uzairu zan ba ba, a hannun Yaya zan sa ta, kuma ya san me ke ciki. In kina karanta ta, to yana nan tsaye a gabanki, ƙila yana kallon ƙasa. Ya faɗa gaban mutum ashirin, amma na san a gabanki zai fi masa wuya, don ni ma irinsa ce. In ya fara da tambayar akuya, ki ƙyale shi, zai iso.

Na share ɗakinki, na bar wuri a gefen gadonki. Allah ya sauke ki lafiya. Yanzu ki ajiye takardar ki dube shi.

Taki har kullum,
Tasnim Kurma