Farar Kwat ta Aro

Asabar, 11 ga Mayu

Mun tashi daga Vancouver ƙarfe biyar na yamma. 'Yarmu Tamara ta rako mu har bakin jirgin ruwa, tana ta nanata mini lokutan maganin uwarta, sai ka ce ba ni nake ba ta shi shekara uku ba. Da za mu rabu ta cusa mini takardar gidan kula da tsofaffin nan a jaka. "Baba, zuwa ƙarshen wata suka ba mu. In ba ka sa hannu ba, wani za a bai wa ɗakin." Na ce in dai Darlene ta kira sunana sau ɗaya a tafiyar nan, ba inda za ta. Yarinyar ta gyara wa uwarta wuyan riga kawai.

Wata bakwai ke nan rabon da matata ta ce Orest.

Lahadi, 12 ga Mayu

Yau ba ma tsayawa ko'ina, ruwa gaba ruwa baya. Ɗakinmu yana da baranda, amma na sa an kulle ƙofar. Darlene ta tsaya a jikin gilashi ta daɗe tana kallon teku kamar gona take gani, can ta ce, "Bana alkama ta yi kyau." Na ce ta yi. A gida yanzu maƙwabta na can suna shuka, ni kuwa ina nan ana tambayata irin matashin kan da na fi so. Wai har kala shida gare su. Tsofai-tsofai da ni.

Abinci sai wanda ka gani. Kifi, ƙaguwa, nama iri-iri, ga wani tsuntsu da aka sassaƙa da ƙanƙara a tsakiyar tebur. Ta ci biredi da man shanu ta ture sauran.

Ƙarfe huɗu aka yi rawar shayi a babban zaure, wato rawar da ake takawa lokacin shan shayin yamma, wadda saboda ita na jawo mu nan. A wurin rawa na fara ganinta, a zauren garinmu Wakaw, tana da shekara goma sha tara. A irin jirgin nan kuma muka yi bikin cikarmu shekara arba'in da aure, ta yi rawa har takalminta ya tsinke. Na saka a raina kiɗa zai yi abin da magani ya kasa.

Da makaɗa suka soma na miƙe na ba ta hannu. "Darlene, taso mu taka." Ta ɓoye hannayenta a ƙarƙashin tebur. "Yi haƙuri, malam, ni matar aure ce."

Ban gama zama ba sai ga wani dogon dattijo cikin farar kwat, da ɗan allon suna a ƙirji: Desmond. Ɗaya daga cikin mutanen da jirgi ke ɗauka don su yi rawa da matan da suka zo ba abokin rawa. Ya ɗan rusuna. Ta dubi kwat ɗin, ta dubi allon, ta tashi ta bi shi! Ta manta sunan 'yar da ta haifa, amma ba ta manta masu farar kwat aikinsu ke nan ba. Waƙa uku suka yi. Ƙafarta ba ta ɓata ko sau ɗaya ba, tana ta dariya.

Na zauna da kofin shayi har ya huce. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Ina da shekara saba'in da shida, na ji kamar in tashi in shaƙe bawan Allah.

Litinin, 13 ga Mayu

Jirgi ya tsaya a garin Juneau. Ruwan sama. Ba mu sauka ba.

Talata, 14 ga Mayu

Da safe ta farka ta gan ni kusa da ita, ta kurma ihu. "Wane ne kai? Fita! Mijina zai zo!" Masu tsaro biyu suka ƙwanƙwasa ƙofa. Na tsaya da kayan barci ina nuna musu hoton aurenmu. Sun yi kirki, sun ba ni haƙuri, kirkin nasu ma ya fi ƙona mini rai.

Na koma kan doguwar kujera da kwana. Wannan ban gaya wa Tamara ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Jirgi ya tsaya gaban dutsen ƙanƙara, kowa ya fita da bargo yana ɗaukar hoto. Darlene na gyangyaɗi a kujera sai Desmond ya zo ya jingina kusa da ni.

"Maigida, hararar da ka yi mini ranar Lahadi ta kusa huda mini kwat."

Na ce da ta huda da na ji daɗi. Ya yi dariya har da tari. Ashe tsohon ma'aikacin gidan waya ne daga Halifax. Matarsa ta rasu shekara biyar da suka wuce, da irin wannan ciwon na mantuwa. Ya ce shekara biyu tana kiransa da sunan ƙanenta, yana gyara mata, tana kuka, yana sake gyarawa. "Har yau in na tuna sai in ce, Desmond, me ka ci riba da shi?"

Sai ya ce Juma'a akwai wata rawar shayin, kuma yana da kwat biyu.

Na ce shekara hamsin da biyu ban taɓa yi wa matata ƙarya ba, ba zan fara a kan ruwa ba. Ya ce, "To, ai ba dole. Ɗakina dai yana hawa na huɗu."

Mutum ya zo yana koya mini zama da matata.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na sake gwadawa. Na zaunar da ita da hotuna: ga gona, ga Tamara tana jaririya, ga ni, ga ke. "Ni ne Orest. Dube ni da kyau." Ta dube ni da kyau ɗin, ta ga ina so ta ce wani abu, ta rasa mene ne, sai ta fashe da kuka tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri." Ni na sa ta kukan nan. Ba ciwon ba, ni.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ranar teku ta ƙarshe. Gobe Vancouver.

Ƙarfe uku na bar ta wurin mai gyaran gashi na sauka hawa na huɗu. Desmond ya miƙo mini kwat. Kayan aro ba ya rufe katara: hannun ya yi mini tsawo, maɓallin ciki kuwa ya ƙi haɗuwa. "Ja numfashi, manomi," in ji shi. Ya maƙala mini wani allo da ba suna a kai. "In shugabarmu ta tambaya, ni ban san ka ba."

Shi ya ɗauko ta ya zaunar da ita a zaure. Na tsaya bayan ginshiƙi ina leƙenta kamar ranar farko a Wakaw. Da kiɗa ya tashi na je na rusuna yadda na ga yana yi. "Ranki ya daɗe, ko za a taimaka mini da rawa ɗaya?"

Ta dubi kwat ɗin. Ta ba ni hannu.

Wata bakwai ban riƙe ta haka ba. Ta rame, ina jin ƙashin bayanta a tafin hannuna, amma man gashinta shi ne dai na da. Jirgi ya ɗan karkata, ta ƙara riƙe ni. Muka zagaya sau biyu sai na taka mata ƙafa.

"Kai, malam, sabon shiga ne kai?"

Na ce yau na fara.

"Ga alama. Ga shi kana ƙirge da baki, ɗaya-biyu-uku. Mijina ma haka yake yi. Shekara da shekaru bai iya ba, duk ya gama mini da takalma."

Na ce to me ya sa take rawa da shi?

Ta ja baya ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Orest ne fa."

Ƙafata ta tsaya. Ta faɗa. Da bakinta, a kunnena. Na buɗe baki zan ce ga ni, sai na tuna fuskarta ta jiya, na haɗiye. Na tambaye ta ina yake.

"Yana gona, shuka suke yi. Ba ya hutawa, mutumin nan. In ya gama zai zo ya ɗauke ni, bai taɓa barina ina jira ba." Ta ɗora kai a kafaɗata. "Kar ka tsaya mana, kiɗa bai ƙare ba."

Waƙa huɗu muka yi. Hawaye na zuba a kan kwat ɗin mutane, na rasa hannun da zan share. Desmond na can gefe yana juya wata tsohuwa mai jan gashi, ya yi kamar bai gani ba.

Ta kira sunan. Ba ni ta kira ba. Tun ɗazu takardar Tamara na kan gwiwata, na kasa sanin ko na ci ko na faɗi.

Asabar, 18 ga Mayu

Na mayar da kwat. Desmond ya ce in riƙe, wai ai na riga na buɗa masa ita.

Tamara na jira a bakin tasha. Na ba ta takardar a ninke, ta buɗe ta ga sa hannun, ta rufe. Ban yi bayani ba. Na dai tambaye ta ko gidan nan suna da fili da abin sa kiɗa. Ta ce akwai, ranar Laraba da yamma. Tambaya kawai na yi.

A mota Darlene ta taɓa mini kafaɗa daga baya. "Malam, ko ka ga mijina?"

Na ce yana gona, ya kusa gamawa. Ta ce to, ta gyara zama.