Muryar Inna Tana Duwala

Garwa, Maris 2019

Zuwa ga Yayana Sulaimanu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya Kusiri, yaya kasuwa, yaya Aisatu da yara? Allah ya sa kowa lafiya. Na zaɓi takarda ne saboda a waya kana katse ni, ita kuwa dole ka bi ta har ƙasa.

Tabilet ɗin da ka saya wa Inna bara ta mutu. Ka san tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana, ba ta da abokiyar hira sai ita. A ciki na ɗauki muryarta tun tana lafiya, waƙoƙin niƙa da labarin yadda kakanmu ya taso daga Kano da jakunan kanwa. Kullum bayan la'asar nakan kunna mata, ta lumshe ido tana sauraron kanta. Yanzu ta juya fuska bango, kunu ma sai da lallashi.

Na kai ta wurin Alphonse, wakilin kamfanin a nan, tunda ka ce garanti bai ƙare ba. Ya ce ba shi da izinin buɗewa, sai an aika Duwala. Na faɗa masa da Faransanci, na maimaita da Fulatanci, cewa abin da ke ciki nake so, ba gilashin ba. Ya yi ta gyaɗa kai yana danna wayarsa. Wannan gyaɗa kan bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Ka sa Inna a addu'a. Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Ummuhani

Garwa, Afrilu 2019

Yaya Sulaimanu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da kai cewa raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Alphonse ya ce akwai wani ɗigo fari a cikin tabilet da ke komawa ja in ya ji danshi, kuma sun tarar da namu ja wur, don haka laifin nawa ne. To, a kan randa nake ajiye ta, bisa jiƙaƙƙen buhun da ke rufe murfin. Ban ɓoye ba, ba kuma zan sunkuyar da kai ba. A zafin Garwa takan ɗau zafi har ta kashe kanta a tsakiyar waƙa. Ina muke ajiye kindirmo? Ina muke ajiye maganin Inna? Duk abin da muke tattali a gidan nan, randa ce ke riƙe mana shi. Wanda ya ƙera abin da ba ya jure rana, ba ya kuma jure sanyin randa, me ya kawo kayansa garinmu?

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya ƙona ni shi ne, sun kira ka saboda da sunanka aka saya, sun ce za su cire cikinta gaba ɗaya su sa sabo, kai kuma ka ce su yi. Ko tambayata ba ka yi ba. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, kullum haka kake, in abu ya lalace sai ka sayo wani ka huta. Amma ba ka taɓa zama da mu bayan la'asar ka ga fuskarta ba. Yaya, tsoro nake ji. In muryar nan ta tafi, ba ni da inda zan sake jin uwata ta kira sunana.

Maigidana Bilya ya ba ni izinin zuwa Duwala da kaina, Goggo Hawa'u za ta kula da Inna. Zan bi mota zuwa Ngawundere, in hau jirgin ƙasa. Kada ka wahalar da kanka wajen hana ni, kafin takardar nan ta iso ka na wuce.

Ƙanwarka da ke fushi amma tana gaishe ka,
Ummuhani

Garwa, Mayu 2019

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin ƙaramar taku ya sauka. Na dawo lafiya, ƙafafuna ne kawai suka kumbura.

Na tarar sun riga sun gama aikinsu. Wani mai taye ya miƙo mini tabilet tana sheƙi, ba komai a cikinta, yana jira in yi godiya. Na ce a ba ni tsohon cikin da aka cire. Ya ce doka ta hana, duk wanda aka cire kwali ake zubawa a tafi a niƙe. Na ce to ni ma tawa dokar ta hana ni tashi. Na shimfiɗa ɗankwalina a bakin ƙofarsu, nan na yi sallolina, nan na ci burodina, duk mai shiga sai ya ji labarin Inna ko yana so ko ba ya so. Mai gadi ya yi barazanar kiran jandarma, na ce ya kira, su ma ai suna da uwa.

Da suka gaji da ganina, sai wata injiniya mai suna Madam Lucienne ta nemi izinin shugabansu ta shiga da ni ciki. Ta tona kwalin ta gano namu, ɗan faranti kore da bai kai tafin hannu ba. Ta goge shi, ta busar, ta jona masa wuta. Tun farko ta gaya mini ko ya tashi ba zai daɗe ba. Haka kuwa aka yi. Abu ɗaya tak ta samu ta kwafe kafin ya mutu gaba ɗaya, shi ma mafi gajarta a cikinsu. Waƙoƙin sun tafi, Yaya, labarin kakanmu ma ya tafi. Na yi kuka a gaban mutane, ban kuma ji kunya ba.

Ban yarda na saurara a can ba, na bari sai a gaban mai muryar. Da na iso na zauna a bakin gadonta na kunna. Ashe wata rana ce ina ɗaukar muryarta na manta ban kashe ba. Sai ga muryarta ta cika ɗakin, da ƙarfinta kamar da:

"Ummuhani, wai ba za ki ajiye abin nan ba? Miyarki na ƙonewa, kina nan kina ɗaukar tsohuwa!"

Inna ta juyo daga bango. Ta dube ni, bakinta ya karkace, sai dariya ta ƙwace mata, har da hawaye. Tun da ta kwanta ban ji sauti ya fito daga bakinta ba sai ranar. Da hannunta mai lafiya ta daki cinyata, wato in sake kunnawa. Yanzu kullum bayan la'asar ina shan faɗa, ita kuma tana shanye kununta.

Ban huce da kai ba tukuna, amma ina hanya. Ba zan aiko maka da muryar ba. In kana son jin muryar uwarka, ka san hanyar Garwa, ka zo ka zauna kusa da ni a yi mana faɗan tare.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Ummuhani