An ce in shugabanci Mama Saturnina

Zuwa ga Yaya Teófila,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Buenos Aires. Mu nan ƙalau muke. 'Yata Yeni ta yi haƙora huɗu, tana cizon kowa. Maigidana Zenón ya gama haƙar dankali. Rosmery ma'aikaciyar jinya ce ke rubuta miki, ni ina faɗa, kuma na ce kar ta gyara min magana.

Yaya, abin farin ciki ne ya same ni, amma da tsoro a ciki. Kin san gidan nan na gefen asibiti, inda masu ciki daga ƙauyukan kan dutse ke zuwa jiran haihuwa. Shekara uku ke nan ina zama da su, in shafa musu baya, in faɗa wa likita da Sifaniyanci abin da suka ce da yarenmu na Kecuwa. To, shugabar gidan ta koma birnin Ayacucho, sai likita ya kira ni ya ce ni yake so in maye gurbinta. Na ce masa ko sunana ban iya rubutawa ba. Ya ce takarda ta Rosmery ce, shi mai sanin wace mace ce watanta ya kama a wane ƙauye yake nema, da mai iya shawo kan mazajensu.

Ba takardar ce ta fi ba ni tsoro ba. In na karɓa, zama da mata zai ragu, sai rabon aiki da taro. Sannan Mama Saturnina mai girki za ta dawo ƙarƙashina. Matar da ta riƙe Yeni ranar baftisma! Kin san wadda ta riƙe maka ɗa a baftisma, wato komadre, ba a ɗaga mata murya, balle a aike ta. Ga miyarta gishiri kamar me, likita ya daɗe yana cewa a rage saboda masu hawan jini, tsohuwar shugaba ma ta kasa faɗa mata.

Kwana biyar ina juya abin. Zenón ya ce ai a gida na daɗe ina shugabanci, shi ne shaida. Ranar Laraba na shiga kicin, na ce a raina in na iya wannan, na iya sauran. Na gaishe ta, na ce komadre, don Allah a rage gishiri. Ta juyo da ludayi a hannu. Sai ta ce wai 'yar da ta goya jiya ce za ta koya mata miya. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ƙara ruwa. Ta ce in je in amsa wa likita kafin a kawo mana wata 'yar birni mai dogon takalmi da za ta hana mata haihuwa a tsugune.

Na je na amsa, Yaya. Litinin zan fara. Har yanzu ina jin tsoro, ki sa ni a addu'a. Amma jiya mata bakwai sun cinye miyar tas, Mama Saturnina kuma ta ce min shugaba a gaban kowa, tana hararata.

Ki gaida Yaya Wilber da su Noemí. Inna ta ce ki kira ta ranar Lahadi bayan coci.

Ƙanwarki,
Maximiliana