Kaskon Jar Tarakta

Talata, 10 ga Maris, 2020

Yau Ja ta tashi. Tun bara nake fama da ita. Tsofaffin taraktocin yankan ciyawa uku ne a wannan gona ta Umm Salal, kafil ɗinmu, dattijon da ya ɗauko mu aiki, ya shigo da su daga Amurka tun yana saurayi, kuma ya rantse muddin yana raye ba za a kawo sabuwa ba. Ja ce babbarsu, ta girme ni, sai Kore, sai ƙaramar. Na wanke kafireta, na canza filogi, na sauke kaskon da ke ƙarƙashin cikinta, wanda wuƙaƙen ke juyawa a ciki, na kankare tsatsa na sa sabon boris. Dattijon da kansa ya hau ya zaga fili yana dariya, ya sauko ya dafa kafaɗata ya ce, "Lado, hannunka da albarka."

Surajo ne ya riƙe min kaskon. Ƙanin Fausatu matata, ni na yi ta roƙo har aka kawo shi daga Funtuwa. Yana da kai, sai dai waya ba ta barin hannunsa.

Asabar, 9 ga Mayu

Zazzaɓi. Na shinshina fetur ban ji komai ba. An ce korona ce, gobe za a kai ni inda ake killace mutane. Na ba Surajo makullin gareji.

Litinin, 8 ga Yuni

Na dawo ƙafafuna ba ƙarfi, ko zama ban yi ba mudir, manajan gona, ya aiko kira. Ga Ja a jingine, kasko ya tsage, sandar wuƙa ta lanƙwashe. Wai Surajo ya shaida masa tsohon boris na mayar, sabon na kai kasuwa. Surajon yana tsaye a wurin, kansa a ƙasa. Na ce ya dube ni ya maimaita. Ya maimaita, bai dube ni ba.

Mudir ya ce khalas, wato magana ta ƙare, daga yau na koma garken tumaki. Gareji na Surajo ne.

Laraba, 10 ga Yuni

Ɗan Nepal mai ba furanni ruwa ya raɗa min gaskiya: Surajo na danna waya ya bi da Ja ta kan bakin famfon ban ruwa da wuƙaƙe a kunne. Na ce ya zo ya faɗa wa mudir, ya haɗa hannu yana roƙona in rufa masa asiri, yana da 'ya'ya.

Ni ma ina da su.

Juma'a, 31 ga Yuli

Babbar salla. Ni na kama ragunan, ni na wanke tumbi. Surajo ya zo da farar riga ya ce, "Yaya, barka da salla." Na ci gaba da wanki.

Fausatu ta kira, wai yaro ne, tsoro ya ji kar a mayar da shi gida. Yaro mai gemu. Na gaya mata kar ta ƙara ambata min sunansa. Allah ya isa tsakanina da shi, na faɗa, kuma ban janye ba.

Alhamis, 18 ga Fabrairu, 2021

Na kwashe sifanonina daga gareji, da kuɗina na saye su. Notocin waɗannan injuna awon inci ne, sifanar nan ba ta kama su daidai, zamewa take ta cinye kan noti. Da yamma na jiyo Surajo yana dukan ƙarfe da guduma yana tsaki. Na sha shayina a hankali.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Dattijo ya zo gona karo na farko tun ɓullar cutar, a keken guragu. Ya rame. An turo shi ta gaban garke, na gaishe shi, ya ɗaga hannu kamar yadda ake wa kowa. Ko dai bai gane ni da takunkumi ba, ko kuma ya yarda da abin da aka gaya masa. Na biyun nake zato.

Wannan ta fi ta mudir ciwo. Surajo zai biya.

Laraba, 6 ga Afrilu, 2022

Taraktoci biyu sun mutu a hannun Surajo, Kore da ƙaramar. Ja kaɗai ke aiki, da kaskon da aka yi wa walda a karkace. Ciyawa tudu da kwari kamar askin makaho. In mun haɗu a masallaci nakan ce, "Sannu, Injiniya," yadda kowa zai ji.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Gari ya cika da baƙi 'yan kallon gasar ƙwallon duniya. Mudir ya ce dattijo zai tara baƙinsa a fili, za a kafa babban allo a shimfiɗa darduma, don haka ciyawa ta kwanta sumul ko wani ya hau jirgi ya koma gida. Surajo ya fara zama ƙashi da rai.

Na ga wani abu yau. Sifirin ɗin da ke riƙe hannun kunna wuƙaƙe ya saki. In inji na aiki, girgiza kaɗai kan mayar da hannun, wuƙaƙe su ɗauka da kansu. Shi kuma in ɗanyar ciyawa ta toshe kasko, saukowa yake ya zura hannu ba tare da ya kashe inji ba. Ina riƙe da bokitin dusa na tsaya ina kallonsa. Kalma ɗaya ce. Na wuce.

Talata, 15 ga Nuwamba

Ya biyo ni garke, ya tsuguna. "Yaya, don Allah ka duba min Ja. Na san abin da na yi."

Na ce ya je ya faɗa a gaban mudir. Ya tashi ya tafi. To.

Alhamis, 17 ga Nuwamba

Da hantsi na ji ƙarar inji ta canza, sannan muryarsa.

Ni na fara isa. Na kashe inji, na ɗaure hannun da rawanina, na riƙe shi a bayan mota har asibiti. Jininsa ya jiƙa min wando. Duk hanya "Yaya" kawai yake cewa. Yatsu biyu na dama sun tafi, na ukun an ɗinke.

Ba ni na sa masa hannu a ciki ba.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Mudir ya miƙo min makulli ya ce yalla, wato maza, gobe ake buɗe wasa. Ba haƙuri, ba komai. Na canza sifirin, na wasa wuƙaƙe na daidaita nauyinsu a kan ƙusa, na gyara zaman kasko. Kafin in fara sai da na wanke cikinsa da tiyo. Ba zan rubuta abin da ya fito ba.

Fili ya kwanta sumul. Abin da na daɗe ina jira ke nan. Abincin rana na ba kyanwa.

Juma'a, 2 ga Disamba

An sallamo Surajo. Ashe daga gadon asibiti ya sa an kira mudir ya faɗi maganar famfo da ta boris, duka. Mudir ya ce min da an gama ƙwallo za a soke bizarsa, me za a yi da mai hannu ɗaya kuma maƙaryaci. Na ce daidai ne.

Fausatu ta kira tana kuka tana gode min da na kai shi asibiti. Na ce layin ba kyau.

Talata, 20 ga Disamba

An gama, baƙi sun watse, ana naɗe darduma. Dattijo ya sa an turo shi gareji ya ce yana son ya ji Kore da ƙaramar sun tashi kafin ya mutu. Na ce za su tashi, amma aikin na mutum biyu ne, kuma ba zan koya wa baƙo daga farko ba, a bar min wanda ya san inda komai yake. Ya dubi mudir, mudir ya ɗaga kafaɗa.

Aikin na mutum ɗaya ne.

Ban yafe ba, kar ma wani ya ɗauka haka. Da azahar na tarar da Surajo a bakin famfo yana kokawa da buta da hannun hagu, ruwa na zuba a kan bandeji. Ɓarnar ruwa ce ba na so. Na karɓi butar na zuba masa.