Fura da Nono a Shiraz

Zuwa ga Yaya Zalika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Lukman da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, don Allah ki rage hawa bene. Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai zafi da ruwan sama. Kasuwar takalma a titin Zhanxi Lu tana ɗan motsi, matata Radiyya kuma bakinta ya buɗe, har ciniki take yi da Sinanci.

Yaya, a kan ɗanki Saifullahi na rubuto, gara ki ji daga bakina. Kwantar da hankalinki, lafiyarsa ƙalau, yana nan a jami'arsa. Amma makon jiya saura ƙiris a kore shi, kuma da an kore shi takardar zamansa ta mutu, sai gida hannu rabbana.

Yana da abokin ɗaki ɗan Iran, sunansa Bahram, shi ya yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi bara. Mutumin kirki ne, sai dai Turanci ya gagare shi, sau biyu yana faɗuwa. A jarrabawar Turanci ta wannan karon aka ce kowa ya je ya rubuto bayani a kan abincin garinsu. Saifullahi, da kara irin tamu, ya rubuta guda biyu ya miƙa masa ɗaya. Bahram ya ƙi har sau uku, ɗanki ya dinga rantsuwa sai ya karɓa. Suka goge Kano suka sa Shiraz, garin su Bahram, amma masu wayon suka bar kaka tana dama fura da nono a ƙwarya. Malamarsu ta Turanci kuwa ta shekara goma tana koyar da ’yan Najeriya, ta san fura sarai.

Da aka kira Bahram gaban malamai, sai ya ce sata ya yi daga kwamfutar Saifullahi, abokinsa bai san komai ba. Aka yarda, aka yanke za a kore shi. Saifullahi kuwa sa hannu kawai ake so ya yi washegari, cewa haka abin ya faru.

Nan ne inda nake jin kunyar faɗa miki. Ya zo shagona da yamma ya ba ni labari, ni kuma tsoro ya kama ni, na tuna wahalar da kuka sha kafin ya zo ƙasar nan. Na ce masa ya ja bakinsa ya sa hannu, tunda wancan ya ɗauki laifin da kansa. Ya sunkuyar da kai, ya tashi ya tafi. Da gari ya waye ya je ya faɗa musu gaskiya tiryan-tiryan, cewa shi ya rubuta, shi ya tilasta. Malaman suka yi ta shawara kwana biyu, ni ko abinci na kasa ci. A ƙarshe aka soke musu jarrabawar su biyun, za su maimaita darasin, aka ba su takardar gargaɗi, amma ba a kori kowa ba. Alhamdu lillahi.

Na tambaye shi me ya sa ya ƙi maganata. Ya ce ya ɗauki biron, sai ya rasa da wane ido zai kalle ki in ya dawo da digiri a kan bayan wanda ya yi jinyarsa. Yaya, na gode. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ke kuwa kin yi naki. Laifin farko na yi masa faɗa a kai sosai, ya isa, kada ki ƙara. In akwai sauran faɗa, ni za ki yi wa, don amana kika ba ni, kuma ranar nan shi ya riƙe ta, ba ni ba.

Ki gaida Malam Lukman, da Hawa da angonta, da Nana. Radiyya tana gaishe ki da kyau. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Shitu