Wayar da Yaya Ya Ɗaura wa Injin

Daren Alhamis, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa, ƙauri na nan a hancina.

Tun safe injin busar da kaya na shagon wankina yake juyawa ba zafi, ga ruwa ya hana shanya. Na kira Yaya Sale mai gyaran wuta. Ya kwance bayan injin, ya ce fis ne ya tsinke. Na ce a sayo sabo daga Katsina, ya ja tsaki.

"Kai yaro ne. Fis nawa na ɗaure a garin nan?"

Ya naɗa masa waya, zafi ya dawo, har godiya na yi. Ashe bututun iska ne ya toshe da diddigar zare, fis ɗin kare ni yake yi. Babbar rigar Alhaji Mamman, wadda zai sa gobe wajen ɗaurin auren ɗansa, ta fito a babbake daidai kan aikin.

Na nuna wa Yaya, ya taɓe baki. "Zafi ka nema, ga shi nan."

Da asuba ni zan durƙusa gaban Alhaji. Yaya kuwa, ina jiyo minsharinsa ta katanga.