Haramin Kaka Bai Kai Makka Ba

Assalamu alaiki Inna, tare da gaisuwa mai yawa da ban girma.

Bayan haka, Yaya Habu ya samu kujerar Makka bana. Na so a ce iyakar labarin ke nan.

Kin san abin da muka fara nema: haramin mahaifinki, farin saƙin da ya ɗauko daga Kano a ƙafa, hanya ta tsaya masa a nan N'Djamena har ya rasu bai ɗaura ba. Ke kika yi alkawari jininsa zai kai shi Arfa.

Ina tuna ki duk ƙarshen damina. Ki wanke hannu, ki shimfiɗa shi a inuwa, ki sake masa ninki don kada zare ya karye a wuri ɗaya, ki zuba kanumfari da busasshen ganyen darbejiya. In muka matso da hannun maiƙo, sai ki ce, "Ku ja can! Tufa ma numfashi take yi."

Shekarar da ruwa ya shigo mana unguwarmu ta Chagoua, ba kya nan. Yaya ya tsorata, ya je kasuwar Suk Kabir ya sayo leda mai kauri, ya naɗe haramin tam, ya ɗaure, ya kulle a akwatin ƙarfe. Wallahi don ƙauna ya yi. Ashe danshi ya riga ya shiga zaren, ledar kuma ta hana shi fita.

Ranar Juma'a muka buɗe. Innalillahi! Warin ne ya fara tarar mu. Fumfuna ta cinye shi, baƙi ƙirin, duk inda kika taɓa ninkewa ya manne. Yaya ya ɗaga gefe ɗaya, ya biyo hannunsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Na buɗe baki zan yi masifa, kin dai san ni, sai na ga ƙaton mutum ya durƙusa yana kuka. Na fasa masifar, amma raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu bai huce ba.

Abin da ya tsira bai wuce tafin hannu ba. Na shanya shi a inuwa kamar yadda kike yi. Yaya zai ɗaura haramin kanti, ya soke ƙyallen a ɗamararsa. Iyakar abin da za mu iya kai miki ke nan, Innata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya karɓi niyyar Kaka ko da ƙyalle ne ya isa.

Taki mai kewarki,
Hadiza